Daga Wuya Zuwa Ƙugu: Rabin Tausar da Yaya Lawal Ya Bar Mini

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata ranar Talata, Allah Ya karɓi ran yayana Muhammadu Lawal a ɗakin masu tarin fuka na wani asibitin gwamnati a nan Kaduna. Mu huɗu ne a kansa: ni ƙanwarsa Rakiya, da matarsa Binta, da Kawu Garba ƙanen mahaifiyarmu, sai wani nas da ya zo duba ƙarin ruwa. Mahaifiyarmu, Inna, tana gida a Badarawa, domin ƙafarta ba ta takawa. A wannan makon ya cika shekara goma da rasuwa.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Firamare na gama, na koyi buga tafireta, na yi aiki da ita a wata ma'aikata har na yi ritaya. Saboda haka ba zan ƙawata magana ba. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru, sannan in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Farko dai, Yaya Lawal ɗan fari ne. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa irin na da ya san ma'anar wannan. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarmu a wani ƙauye kusa da Zariya. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta zama wuri ɗaya da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Idan ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "mutumin nan". Ba ƙiyayya ba ce. Ni shaida ce, duk ranar da zai zo gida ita ke girki da kanta, ta zaɓi naman da ya fi kyau, sannan ta ce in kai masa kada in ce daga gare ta yake. Kunya ce, kuma a wurinta kunyar nan ita ce mutuncinta.

Kakarmu ungozoma ce, kuma a wurinta ya fara ganin tausa. Ita ta koya masa ɗuma man kaɗanya a tafin hannu kafin a taɓa jikin mutum. Da ya girma ya samu aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, inda ake kula da masu ciwon baya da gaɓɓai da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Ƙaramin ma'aikaci ne, yana taimaka wa manya. Amma yana da hannu, marasa lafiya kuma sun sani, har akan samu mai cewa shi zai jira sai Malam Lawal ya gama da na gabansa.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne mata. Ya sha gaya mini cewa ana kawo namiji ciwo yana sabo, ya samu sauƙi ya koma kasuwa. Mace kuwa ba a kawo ta sai hannu ya ƙandare ko baya ya tanƙware, lokacin da babu sauran abin yi. Dalili, yawancin masu aikin maza ne, magidanta ba su yarda namiji ya taɓa iyalinsu ba, matan da kansu ma ba su yarda ba. Ba sai ya je nesa ba. Inna ta yi shekaru tana fama da ciwon kafaɗa da kwankwaso, ɗanta na warkar da mutanen gari, ita kuwa sai dai ta ɗaure wurin da tsumma. Har malamin unguwa ya sa aka kira mata, ya ce larura ce, kuma ɗa muharrami ne, babu laifi ko kaɗan. Inna ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya, ta ce, "Malam, na ji addini ya yarda. Ni ce ban iya ba."

Daga nan ya yanke shawara. Ya ce tun da mata ba za su zo wurin maza ba, to, a koya wa mata su shiga wurin 'yan uwansu. Amma ya ce ba zai koyar da abin da bai sani har ƙarshensa ba. Abin da ya iya, rabi na kaka ne, rabi na kallo. Ya samu labarin akwai kwas na shekara ɗaya da rabi a wani babban asibitin ƙashi a Legas, inda ake zurfafa ilimin tausar magani, a koya wa mutum hanyar kowace jijiya, da inda ake dannawa da inda ba a kusanta. Ya nemi a sake shi ya tafi. Lokacin ya zo daidai da zamanin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Bana a ce babu mai riƙe masa aiki, baɗi a ce an dakatar da hutun karatu. Sai a nema ta huɗu aka sake shi. Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama. Ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce garin akwai damshi." Yana tsaye yana ji, amma sai da na maimaita masa, ya ce, "Ki ce mata na ji."

Saura wata biyu ya gama, hawan jini ya kayar da Inna a bakin murhu. Ɓarinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Muka ɓoye masa don kada ya baro karatu. Da ya dawo, ya dawo da takardar shaidarsa a cikin leda, da kuma wani tari wanda ya ce sanyin Legas ne, zai wuce. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Abu na biyu shi ne makarantar da ya so buɗewa. Ya share zauren gidanmu, ya sa kafinta ya yi masa doguwar benci mai katifa, ya bi gida gida a Badarawa da Kinkinau yana roƙon magidanta su ba shi matansu ko 'ya'yansu. Da yawa sun yaba. Ranar farko mata shida suka zo, kowace da rakiya. Ya yi bayani da baki, kowa ya gamsu. Rana ta biyu ya ce wa ɗaya ta ɗora hannu a kafaɗar 'yar uwarta, shi kuma zai ɗora nasa a kan nata don ta ji nauyin da ake sawa. Nan take ta janye hannunta cikin mayafi. Washegari mijinta, wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Kinkinau, ya zo da kansa. Ina daga soro na ciki ina jin su.

"Malam Lawal, ni na ɗauka karatu za a yi."

"Karatun ke nan, Alhaji."

"To, ka rubuta musu a allo mana, su kwafa. Ko ka zana."

"Alhaji, da allo yana koyar da wannan, me zai kai ni Legas? Kai da ka fara sana'a, a allo aka nuna maka yadda ake gane siminti ya sha iska, ko sai da ka damtsa?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Siminti ba matar aure ba ce, Malam."

Kafin mako ya zagayo zauren ya koma babu kowa. A nan ne kuskuren Yaya yake, kuma kuskure ne da ya dace a ce shi ya fi kowa hango shi. Ya ɗauka takardar Legas za ta buɗe masa ƙofar da aka rufe. Bai lissafa cewa hannun da aka hana shi taɓawa don magani, shi ne dai za a hana shi riƙewa don koyarwa ba. Tausa kuwa ba ta shiga ta kunne. Ban da Binta, wadda yara da girki suka riƙe, mace ɗaya ce a duk garin nan da zai iya riƙe hannunta ba a yi magana ba, kuma tana da lokacin zama, wato ni.

Ban nema ba. Shi ya same ni ya ce, "Rakiya, ke kaɗai kika rage." Na ce yatsuna na tafireta ne. Ya ce, "Na sani, sun saba da duka. Za mu koya musu sauraro." Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, bai hana ba. Na riƙa zuwa kullum bayan la'asar idan na taso daga ofis. A jikin Binta na koya. Ita za ta kwanta a bencin, ni in ɗora hannu, shi ya ɗora nasa a kan nawa. Binta ba ta rasa abin faɗi. "Malama, a hankali, ba takardar gwamnati ba ce." Wata rana na danna mata wata jijiya ta yi ƙara, ta ce, "Wallahi in kika karya ni, ke za ki yi wa yayanki tuwo har abada." Shi kuwa ba ya dariya a lokacin aiki. Sai ya ce, "Sake."

Yana da tsari, ba ya kuma tsallake shi. Daga sama ake farawa. Wuya tukuna, sai kafaɗa, sai hannu har yatsu, sai gadon baya, sai ƙugu. Bayan nan ne za a sauka kwankwaso da cinya da gwiwa da ƙafa. Ba ya barin wuri sai ya rufe ido, na yi a jikinsa ko na Binta, ya tabbatar hannuna ya zauna. Ni mai son tsari ce, ban taɓa ganin laifin wannan ba, har yau ma ban gani ba. Na dai tambaye shi sau ɗaya ko za mu fara da ƙafa saboda Inna. Ya ce a'a. Ya ce ƙafar da ta daɗe a kwance tana iya ɓoye gudan jini, wanda ya tausa ta bai iya ganewa ba yana iya tura shi zuwa ƙirji, mutum ya mutu a hannunsa. Ya ce in riƙa lanƙwasa mata ita a hankali ina miƙewa, kada in wuce haka sai ya nuna mini.

Duk abin da na koya da yamma, da safe kafin ofis sai in yi wa Inna. Ga yadda muke yi. Ina ciki tare da ita, labule a sake, shi yana zaune a kan turmi a waje, ya ba ƙofa baya. Daga can yake tambaya.

"Kin tallafi gwiwar hannun?"

"Na tallafa."

"Kada ki ja daga kafaɗa. Tambaye ta ina take jin zafin."

Inna sai ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan ba zafi ba ne, kamar tururuwa ce ke bi."

"Ki ce mata haka ake so. Ta yi ƙoƙari ta matse yatsanki."

"Ki ce masa ya fiye takura. Shi ya sha maganin tarinsa?"

Tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma kowace kalma sai ta bi ta bakina. Abin da Inna ta fi so ya dawo shi ne hannun, domin hagu ce, da ita mutum ke tsarki, kuma a ce wani ne zai yi mata wannan ya fi ciwon kansa yi mata nauyi. Bayan watanni yatsun suka fara motsi. Daga baya ta iya ɗaga hannun har ƙirji, ta iya riƙe buta. Ranar da ta fara shiga bayan gida ba tare da ni ba, da aka ɗauke ta aka ajiye a ƙofa, ta yi tsarkinta da kanta. Da rana ta sa aka yanka zakara, ta ce in kai wa mutumin nan.

Mun gama ƙugu ke nan tarin ya fara fitowa da jini. Likita ya ce tarin fuka ne, ya kuma ci jiki, dole a raba shi da yara da tsohuwa. Aka kwantar da shi. Na riƙa zuwa ina tsayawa nesa da gado kamar yadda aka umarta. Wani lokaci yakan ɗaga hannu ya fara nuna mini a iska yadda ake kama gwiwa, sai tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Bari in tashi tukuna. Ba a koyon wannan daga nesa." Bai tashi ba.

Da aka kawo shi gida aka yi masa wanka aka sa a likkafani, sai Inna ta ce a ɗauke ta a kai ta. Mutane suka dubi juna, domin uwa ba ta zuwa kan gawar ɗan fari a gaban jama'a. Kawu Garba ya ce, "Yaya, ki yi masa addu'a daga nan, ta isa." Ta ce, "Garba, ɗauke ni." Aka ɗauke ta a kan tabarma aka ajiye a gefensa. Hannunta na dama lafiyarsa ƙalau, amma na hagun ta fara ɗagawa. Yana rawa, yana tafiya kaɗan kaɗan. Wata mata ta matso za ta taimaka, na riƙe ta. Sai da hannun ya kai da kansa, ta ɗora shi a goshinsa ta saman likkafani. Ta ce, "Lawal, ga hannun ya tashi." Wannan ne karo na farko da na ji sunansa a bakinta, kuma tun ranar da aka yaye shi ba ta taɓa shi ba sai ran nan. Ta rayu shekara uku bayansa. Ba ta sake takawa ba.

Yanzu sai in zo kan yau. Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo Kaduna ta yanzu, me zai ce? Zai ga ƙwayoyin kashe zafi a faranti a kan 'yan talla, rana na dukansu, ana sayar wa tsofaffi kamar gyaɗa. Zai ji masu magani da lasifika a tasha suna cewa kwalba ɗaya tana maganin baya da gwiwa da basir gaba ɗaya. Zai shiga gidaje ya tarar an kwantar da mai ciwon baya an sa ƙato ya hau yana tattakawa. Zai koma sashen da ya yi aiki ya tarar na'urorin gashi sun lalace, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yajin aiki, mara lafiya kuma ba ya ma samun motar zuwa saboda layin mai. Mata kuwa, waɗanda dominsu ya je ya kwaso ajalinsa, suna nan inda ya bar su, a bayan labule, an ɗaure wurin ciwo da tsumma. Ina jin na san abin da zai yi. Zai nemi turmi ya zauna.

Ni kuma shekara goma ke nan ina shiga gidaje da rabin ilimi. A Badarawa har suna aka sa mini, Hajiya mai tausar sama. Wuya, kafaɗa, hannu, baya, duk Allah Ya ba da sauƙi ta hannuna ga mata da yawa. Amma a watan jiya aka kira ni Kinkinau wurin wata baiwar Allah da ta haihu kwankwasonta ya riƙe, ƙafa ɗaya ta kumbura. Ta kama zanena tana kuka. "Hajiya, ki dai gwada, ko yaya ne." Na ce ban kai nan ba. Ta ce, "To, wa ya kai?" Na ce a kai ta asibiti a ranar, mijin ya ce zai duba. Irin wannan ta faru ba sau ɗaya ba, kuma duk ranar da ta faru ba na iya cin abinci.

Kada a ce ban nemi cikon ba. Na je asibiti na roƙa, aka ce ba a koya wa wanda ba shi da takardar sakandare. Akwai wata ma'aikaciya da ta tausaya ta ce in riƙa zuwa gidanta, kafin mu fara aka yi mata canjin wurin aiki. Kada kuma a ce ban nemi wadda zan ba wa nawa rabin ba. 'Ya'yana mata biyu sun ce aikin tsofaffi ne. Binta ta yi aure a Katabu bayan takaba, kuma ita kwanciya ta yi, ba koyo ba. 'Yan makaranta suna ganin sun wuce shafa wa mutane man kaɗanya. Waɗanda ba su yi makaranta ba, ba a barinsu shiga gidajen mutane. Wata yarinya Asabe ta kai har kafaɗa, tana da hannu fiye da nawa, da aka ɗaura mata aure mijin ya ce matarsa ba 'yar aikin kowa ba ce. A da an ce malamin namiji ne shi ya sa. Yanzu malamar mace ce, zauren dai babu kowa.

Me ya rage na Yaya Lawal? Takardarsa tana cikin akwatina a ledarta, ba ta taɓa rage wa kowa ciwo ba. Bencin yana zaure, an ɗora masa buhunan masara. 'Ya'yansa sun girma, babu wanda ya bi hanyarsa. Abin da ya rage kawai shi ne nauyin hannunsa da nake ji a bayan nawa duk lokacin da na kama kafaɗar mace. Wannan ba ya rubutuwa, na gwada da tafireta na yaga. Kuma shi ma yana tafiya. Tun daminar bara sanyin ƙashi ya kama yatsuna. Da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su buɗe, babban yatsan dama kuma ya daina dannawa yadda ya kamata. Ni na san wannan ciwon, na san ba ya komawa baya. Idan suka rufe, tafiyar Legas da tarin da zaman kan turmi duk sun tashi a banza.

Saboda haka, mai karatu, bayan addu'ar da nake roƙa masa, Allah Ya gafarta masa Ya sa hannun Inna ya zama shaida a gare shi, ga buƙatata, kuma da kai maigida nake. A gidanka akwai mace mai haƙuri, 'ya ko ƙanwa ko mata, wadda ba ta ƙyamar jikin mara lafiya. Ka bar ta ta zo. Ni mace ce, tsohuwa, babu namijin da zai riƙe hannunta, ni kaɗai ce. Mai kula da wannan shafi ya san inda za a same ni. Zan fara da ita daga wuya in kai ta ƙugu, kamar yadda aka kai ni, in kuma gaya mata gaskiya cewa daga nan sai ta nemi wanda ya fi ni. Mace ɗaya nake roƙo, ba shida ba. Ka turo ta kafin damina ta sauka, tun yatsun nan suna buɗewa.